Me ake ginawa a bayan shingen kwano? Lissafin sabon lilo a wuraren wasan yara na Abuja

Kashegarin ƙaramar Sallah muna tsaye a layin motocin karo a ɗaya daga cikin wuraren wasan yara na Abuja, sai na lura cewa rabin hirar mutanen layin a kan wani lungu take, wanda aka kewaye da kwanon rufi can gefen filin. Babu allo, babu sanarwa, ba a hango komai sai tulin yashi da kan injin kwaɓa siminti, amma kowa ya riga ya yanke hukuncin abin da ake ginawa. Ɗan ƙanwata mai shekara 14 ya ja hannun rigata ya ce, "Kawu, wallahi irin jirgin nan na Dubai za su kawo, mai gudu kamar harsashi." Wata baiwar Allah da ke bayanmu da goyo ta ce ita ta ji an ce wurin wanka ne. Wani dattijo kuwa ya yi dariya ya ce shaguna za a jera, domin a Abuja duk filin da aka kewaye, ƙarshensa shago ne.

Irin wannan hasashe ba a kanmu aka fara shi ba. A Turai da Amurka akwai masu sha'awar lilo da suka mayar da shi kamar sana'a, suna bin takardun neman izinin gini a ofisoshin ƙananan hukumomi, suna duba sunayen da kamfani ya yi wa rajista, har launin ƙarafan da aka sauke a wurin ajiye motoci suna ɗaukar hotonsa don su gane masana'antar da ta ƙera su. Mu a nan ido da kunne muka dogara da su. Duk da haka ana iya kusantar gaskiya ta wata hanya, wato a zauna a kujerar mai wurin a yi lissafin da dole ya yi kafin ya fitar da kuɗinsa. Wanda ya yi wannan lissafi zai ga cewa abin da matasa ke fata shi ne mafi nisa daga abin da zai zo, kuma mutumin da ke yanke hukunci a zahiri shi ne magidancin da ya shigo da mutum tara a bayansa yana ƙirga canji.

Burin ɗan ƙanwata daga waya ya samo shi. Jirgin da yake nufi, lilo ne mai hawa da gangara a kan dogo, kuma ma ba a Dubai yake ba, a Abu Dhabi yake, a filin Ferrari World: sunansa Formula Rossa, an buɗe shi a 2010, yana kai gudun kilomita 240 a awa cikin daƙiƙa biyar, kuma ana ba masu hawa tabarau na musamman saboda yashin da ke cikin iska. Yaron da ya kalli wannan sau ɗari a TikTok, idan ya zo Magic Land da ke kusa da ƙofar shiga birni da babban filin wasa na Moshood Abiola, wurin da manyanmu suka fi sani da tsohon sunansa Wonderland, dole ya ga komai ya yi masa ƙanƙanta. Sai dai hangen Dala ba shiga birni ba ne, kuma tazarar da ke tsakani ta dala ce, ta Amurka.

Babu inda ake ƙera manyan injinan nan a Najeriya. Sanannun masana'antunsu suna Turai, irin su Zamperla a Italiya, Vekoma a Holan, Mack a Jamus da Intamin wadda ta ƙera Formula Rossa, sai kuma kamfanonin Sin da suka mamaye kasuwar ƙanana da matsakaitan injina saboda rangwamen farashi. Duk cikinsu babu mai karɓar naira. Kafin watan Yunin 2023 ana sayar da dala a farashin gwamnati a kan naira 460 da ɗoriya, zuwa Fabrairun 2024 kuwa ta haura naira 1,500, wanda ke nufin injin da farashinsa bai motsa ba ko da kwabo a ƙasar da aka ƙera shi ya ninka sau uku a aljihun mai saye a Abuja. Jirgin Kingda Ka na jihar New Jersey ta Amurka, mai tsawon mita 139, an gina shi a 2005 a kan kimanin dala miliyan 25 na wancan lokaci. Idan aka juya wannan kuɗi a kan naira 1,500 ya kama naira biliyan 37 da rabi, kuma idan muka ɗauka cewa za a karɓi naira 5,000 a kan kowane hawa, sai an yi hawa miliyan bakwai da rabi kafin a mayar da uwar kuɗi, ba a yi maganar albashi ko man janareta ba. Shi kansa Kingda Ka an rufe shi a ƙarshen 2024, aka rushe shi a farkon 2025, alhali yana tsakanin Niyok da Filadelfiya, inda masu iya biyan tikiti suka fi a ƙirga.

Sayen ma shi ne ƙaramin aiki. Jirgin hawa da gangara na gargajiya ba shi da inji a jikinsa. Sarƙa ce ke jan taragunsa zuwa ƙololuwar tudun farko, daga nan nauyinsa ne ke tura shi har ya dawo tasha, shi ya sa kowane tudu da ke gaba yake kasa na farko tsawo. Kowace ƙafa tana da tayoyi kashi uku, na saman dogo da na gefe da na ƙasa, waɗanda suke riƙe jirgin kada ya tashi, kuma tayoyin nan suna cinyewa, sai an riƙa sauya su. An yi birkin ta yadda idan wuta ta ɗauke zai kama da kansa, akwai kuma haƙoran ƙarfe a jikin tudun da ke hana jirgi komawa da baya, saboda haka ɗaukewar wuta ba ta jefo mutum ƙasa. Abin da take yi shi ne ta bar mutum ashirin maƙale a sama cikin rana, a riƙa sauko da su ɗaya bayan ɗaya ta matakala, wayoyi ɗari kuma suna ɗaukar bidiyo. Mai wurin da ya san halin wutarmu ya san cewa janareta zai riƙa kunnawa tun safe har dare ko da akwai wutar gwamnati, kuma ita wutar a Afrilun 2024 an ɗaga kuɗinta ga 'yan rukunin A, wato waɗanda aka fi ba wuta, daga ƙasa da naira 70 zuwa naira 225 a kan kowane yunit. Jirage masu tashi da gudu daga tsaye, irin wanda yaron ke mafarki, suna zuƙar wuta mai yawa a cikin 'yan daƙiƙoƙi, abin da ke buƙatar kayan lantarki na musamman da injiniyan da zai zauna a kansu kullum. Bayan wannan akwai binciken shekara-shekara, inda ake kwance taragu a duba ƙarafa da na'ura don gano tsagar da ido ba ya gani. A Turai ƙa'idar EN 13814 ce ta tsara wannan aiki, kuma ƙwararrun da ke yin sa, irin na kamfanin TÜV na Jamus, da kuɗin waje ake biyan su.

Akwai kasuwar injina na hannu, kamar yadda ake da ta motoci, kuma ƙananan wurare da yawa a duniya daga nan suke saye. Hanya ce mai kyau idan injin ya zo da takardun tarihin gyaransa kuma masana'antar da ta ƙera shi tana nan da ranta. Idan babu waɗannan biyun, ranar da wani ƙaramin ƙarfe ya karye ita ce ranar da lilon zai zama gumki a tsakiyar fili, ciyawa na fitowa ta ƙarƙashinsa, kuma duk wanda ya yi yawon wuraren shaƙatawa a ƙasar nan ya taɓa ganin irinsa.

Yanzu a dubi wanda ke biya. Binciken lafiya da yawan jama'a na ƙasa na 2018 ya nuna cewa matsakaiciyar haihuwar mace a Najeriya 5.3 ce, a Arewa maso Yamma kuwa 6.6, kuma ba sai an karanta rahoto ba, tsayuwar minti goma a bakin ƙofa ranar Sallah ta isa. Magidanci yana zuwa da uwargida, da yara biyar ko shida tun daga na goye har zuwa ɗan sakandare, da kaka, da yaran maƙwabta biyu da suka maƙale aka kasa korar su. Yawancin wuraren wasanmu kuɗin ƙofa daban suke karɓa, kuɗin kowane lilo daban, saɓanin manyan filayen ƙasashen waje da ake biya sau ɗaya a hau komai. Wannan bambanci shi ne zuciyar maganar. Manyan jiragen gangara ba sa ɗaukar wanda tsawonsa bai kai mita 1.2 ba, wasu ma sai 1.4, ba sa ɗaukar mai juna biyu, ba sa ɗaukar mai hawan jini ko ciwon baya. A cikin ayarin mutum tara, biyu ne za su hau, tikiti biyu ke nan. Ƙaramin jirgin ƙasa da ke zagaya fili a hankali, ko dawakai masu juyawa, ko ɗan matsakaicin jirgin gangara da ke karɓar yaro mai tsawon mita ɗaya idan babba na gefensa, zai sayar da tikiti shida ko bakwai daga ayarin nan guda, a kan inji mai arha da ɗan ƙaramin janareta zai iya ja. Kuma uban da mafi ƙarancin albashin ƙasarsa naira 70,000 ne tun Yulin 2024, wanda ya riga ya biya kuɗin mota daga Mararaba ko Kubwa ko Suleja, ba zai yarda ya kashe rabin abin da ya tanada a kan yara biyu ba, sauran huɗu suna kuka a bakin shinge. Duk uban da ya taɓa raba goron Sallah ya san cewa abin da bai isa kowa ba, gara a fasa shi.

Walt Disney ya sha ba da labarin cewa tunanin gina Disneyland, wadda aka buɗe a 1955, ya zo masa ne yana zaune a kan benci a wani lambu a Los Angeles yana kallon 'ya'yansa mata a kan dawakai masu juyawa, shi kuma babu abin da yake yi. Na tuna da wannan ne da na waiga na ga mahaifiyarmu a kan nata bencin, an tara mata takalma da jakunkuna da kulolin abinci tana gadi, ita da aka ce an fito da ita yawon Sallah. An biya mata kuɗin ƙofa kamar kowa, amma a duk filin babu abu ɗaya da aka yi domin ta. Masu gadin jakunkunan nan su ne kasuwar da ba a taɓa ba tukuna, kuma su ne ke cewa a tashi a tafi gida idan rana ta dame su.

Sai maganar layi. Wurin wasa a Abuja yana samun kaso mai tsoka na cinikinsa ne a 'yan kwanaki ƙalilan: kwanakin Sallah biyu, Kirsimeti da sabuwar shekara, Ista, ranar yara ta 27 ga Mayu da ranar 1 ga Oktoba, sai ƙarshen mako da ziyarar makarantu da ke riƙe shi a sauran shekara. A waɗannan ranaku ma masu hali da yawa sun tafi garuruwansu, tsakiyar birni ta yi tsit, jama'ar da ke cika wurin daga garuruwan kewaye suke tururuwa. Saboda haka tambayar da mai wurin ke yi wa mai sayar da inji ita ce mutum nawa zai ɗauka a awa guda. Mu ɗauki lilo mai kujera 24 da ke juyi na minti uku, sauke mutane da ɗora wasu da duba bel kuma ya ci wasu minti ukun: sahu goma ke nan a awa, mutum 240. Idan mutum 500 ne a layi, na ƙarshe zai jira fiye da awa biyu. A tsarin biyan kowane hawa, mutumin da ke tsaye a layi ba ya sayen komai, yana dai ƙara fushi ne, don haka injina uku matsakaita da ke raba jama'a sun fi ƙato guda ɗaya kawo kuɗi. Kada kuma a manta cewa akwai kishiyoyi masu sauƙin kuɗi. Lambun Millennium da ke Maitama, wanda Sarauniya Elizabeth ta Biyu ta buɗe a Disambar 2003, tabarma da kular shinkafa kawai yake buƙata, ga gidan namun daji na yara a Asokoro, ga bakin tafkin Jabi. Iyalin da suka sha wahalar layi bana, baɗi can za su nufa.

Akwai wani abu da ban cika jin ana kawo shi a wannan muhawara ba, shi ne cewa ranar cinikin tana yawo a cikin shekara. Sallah tana matsowa da kimanin kwana 11 a kowace shekarar Miladiyya. Ƙaramar Sallar 2024 a watan Afrilu aka yi ta, ta 2025 a ƙarshen Maris, wato a tsakiyar zafin Abuja lokacin da kujerar ƙarfe ko ta roba ba ta zaunuwa da azahar, zuwa 2030 kuma za ta faɗo a farkon Fabrairu cikin ƙurar hunturu. Babbar Sallah ta 2025 a farkon Yuni ta kasance, damina ta kankama. Inji mai kyau yana yin shekara ashirin zuwa talatin yana aiki, kusan cikakken zagayen da Sallah ke yi ke nan na shekara 33, saboda haka duk abin da aka kafa yau zai ga ranar cinikinsa a cikin zafi, a cikin ƙura, a kuma cikin ruwa. Daminar Abuja tana ɗaukar wajen wata bakwai, daga Afrilu zuwa Oktoba, kuma hadarinta da tsawa yake zuwa, yawanci da yamma, daidai lokacin da wuri ya cika. Duk wani dogon ƙarfe dole a tsayar da shi da zarar an ga walƙiya. Wannan shi ke sa nake ganin rufi, ko da na rumfa ne mai buɗaɗɗen gefe, yana cikin abubuwan da suka fi kowane inji saurin mayar da kuɗinsu. Zaure mai sanyi da wasannin kwamfuta da katifun tsalle ya fi haka kariya, amma na'urar sanyaya wuri tana mayar da mu ga lissafin wuta.

Suturarmu ma tana da ta cewa, musamman ranar da kowa ya ci ado. Masu ƙera injinan gudu sun yi su ne da tunanin mai wando da ƙaramar riga. Babbar riga tana hana ƙarfen kariya sauka daidai a kan cinya, hula tana tashi a gangarar farko, dogon hijabi ko mayafi kuwa haɗari ne na gaske a kusa da duk abin da ke juyawa a buɗe, musamman ƙananan motocin tsere da injinsu ke bayan kujera. Ma'aikaci mai hankali zai hana hawa, mai kunya ko mai tsoron rigima zai kawar da kai, kuma dukkan biyun asara ce ga mai wurin. Lilon da aka rufe ƙarafansa, mai tafiya a hankali, bai damu da abin da mutum ya sa ba.

Batun wurin wanka da matar nan ta kawo ya fi na jirgin Dubai kusa da hankali, domin zafi yana sayar da ruwa da kansa. Matsalarsa ita ce iyaye mata da 'yan mata da suka tasa ba za su shiga ruwa a gaban maza ba, sai an ware musu lokaci ko ɓangare, wanda ke rage yawan masu shiga a ranar da ake neman yawa. Ga tace ruwa da zuba magani kullum, ga masu ceto, tunda yawancin yaranmu na birni ba su iya iyo ba. Abin da zai iya yiwuwa shi ne dandamali mai feshin ruwa wanda zurfinsa bai wuce idon sawu ba, ƙanana su jiƙe, uwaye suna zaune a inuwa suna kallo. Tinapa ta Kalaba, cibiyar kasuwanci da shaƙatawa da aka ƙaddamar a 2007, mai manyan gine-gine da wurin wasan ruwa amma jama'a ba su cika ta ba, ta isa darasi ga mai tunanin cewa girman gini shi ke janyo jama'a.

Idan har za a kawo wani abu mai tsawo da za a hango daga titi, to ni a ganina lilon kallon gari ne, wannan mai siffar ƙafar keke. Tsohuwar dabara ce, tun 1893 George Ferris ya kafa na farko a bajekolin Chicago mai tsawon kusan mita 80, kuma har yau babu injin da ya kai shi haɗa kaka da jika a kujera ɗaya. Abuja kuma gari ne da ya cancanci a kalle shi daga sama: ga dutsen Aso, ga ƙubbar Babban Masallacin Ƙasa, ga Cibiyar Kiristoci ta Ƙasa, ga duwatsun da suka kewaye birnin. Da dare idan aka kunna fitilunsa ya zama talla da kansa. Ba sai ya kai na Landan mai mita 135 ba, balle Ain Dubai mai mita 250, wanda aka buɗe a Oktoban 2021 aka rufe bayan 'yan watanni, ya daɗe a rufe kafin ya dawo aiki. Mai mita talatin ko arba'in ya wadatar, da sharaɗin a tanadi injin ko-ta-kwana da zai juyo da shi a sauke mutane idan babban ya tsaya.

Wanda yake son ya gane abin da ke bayan shinge kafin a yaye shi, tushen ginin zai duba, domin Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Ƙananan ginshiƙan siminti masu yawa da suka bi layi suna lanƙwasa alamar dogon jirgi ne. Rami ɗaya mai zurfi da aka cika da rodi na abu ne mai tsawo ko mai lilo da nauyi. Shimfiɗaɗɗen daɓe mai faɗi da ginshiƙai a gefe rumfa ce ko zaure, bututu da ɗan ɗakin famfo kuwa ruwa ne. Sabuwar taransifoma tana nuna inji mai cin wuta, yawan kwantenonin da tireloli suka jawo daga tashar Legas kuma yana nuna girmansa. Na ɗaga ɗan ƙanwata ya leƙa ta saman kwanon, ya ce daɓe ne kawai da wasu ƙananan ginshiƙai da suka zagaya. Na ce masa hasashena ƙaramin jirgi ne na iyali, da rumfar jira a gefensa. Ya ɓata rai ya ce wannan ai na yara ne. Ƙanwarsa mai shekara shida, wadda sandar awon tsawo ta mayar da ita baya sau biyu a ranar, ta tambaya ko wannan za a bar ta ta hau, Hajiya kuma daga kan bencinta ta ce idan yana tafiya a hankali a saya har da ita.